Ƙanin matarka ba bakanike ba ne: amsa ga mai son shigo da baburan kuruza

Tambaya: Malam, na daɗe ina sayar da kayan gyaran babur, kuma na ɗan tara abin da na tara. Ƙanin matata da ke zaune a ƙasar waje ya turo min hotunan manyan babura uku na hannu, Yamaha V Star 650 da Honda Shadow 750 da Kawasaki Vulcan 750. Ya ce duk suna ƙyalli, ba su ci hanya sosai ba, in turo kuɗi ya saya, in sun iso zan ninka kuɗina. Kusan kashi biyu cikin uku na jarina zai shiga. Wanne ya fi saurin fita a cikinsu?

Amsa: Alhaji, ba wannan ce tambayar da ya kamata ka yi ba. Na karanta wasiƙarka ina neman inda ka ce wani masani ya tayar da baburan nan ya saurari injinsu, ban gani ba. Na nemi shekarar da aka ƙera kowanne, babu. Lambar firam babu, takardar yarjejeniya tsakaninka da yaron nan babu. Abin da ke hannunka hotuna ne da kalmar suruki, kuma a kan haka za ka ɗora kashi biyu cikin uku na guminka. Cinikin biri a sama ke nan.

Ban ce yaron macuci ba ne. Wataƙila da zuciya ɗaya yake so ya ga ka samu. Amma amana daban, sanin inji daban, kuma irin wannan babur, wanda ake kira kuruza (cruiser), shi ne ya fi kowane iya ruɗar idon wanda bai san shi ba, domin tun a masana'anta don ido aka tsara shi. Kamfanonin Japan sun shiga wannan fage ne suna bin salon Harley-Davidson na Amurka: Yamaha ta fito da Virago a 1981, Honda ta biyo da Shadow a 1983. Silinda biyu a tsaye kamar harafin V, a buɗe kowa na gani. Mazauni ƙasa-ƙasa, wajen santimita 70 daga ƙasa, ƙafar gaba a miƙe, tanki mai siffar ɗigon ruwa, madogarar ƙafa can gaba, sannan farin ƙarfe mai walƙiya ko'ina, tun daga salansa har murfin inji. Ba babur ne na gudu ba. Ƙarfinsa a tashi yake, da tafiya a natse, ga nauyin da ya haura kilo 200. Mai sayarwa ya samu tsumma da man gogewa, awa biyu ta ishe shi ya mai da gawa amarya a hoto.

Zancen "ba su ci hanya ba" shi ne ma ya fi tayar min da hankali. A ƙasashen sanyi yawancin masu kuruza na shaƙatawa ne, a hau wata kaɗan a shekara, a jingine shi sauran. Babur mai shekara ashirin da mitarsa ke nuna ƙaramar lamba, ma'anarsa ya sha zama, kuma zama yana cin babur ta inda hoto ba ya kaiwa. Fetur ya kwana a kafireta ya daskare ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Cikin tanki ya yi tsatsa alhali bayansa na sheƙi. Robobin da ke riƙe mai su bushe su tsage. Taya ka gan ta da zanenta cif, amma ta ƙandare. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Surukinka ya turo maka hoton wannan? Kuma in daga Amurka suke, mitar mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka san kilomita nawa ne.

Su ukun kuma ba abu ɗaya ba ne. V Star 650 iska ke sanyaya injinsa, babu lagireto, kafireta biyu gare shi, kuma shaf, wato sandar ƙarfe, ke juya tayar baya maimakon sarƙa. Shi ya fi sauƙin sha'ani a hannun bakanike. Amma shaf ɗin nan da ake yabo cewa ba ya son wahala, in aka shekara da shekaru ba a sa wa haƙoransa giris ba sai su cinye, kuma ba gyaran bakin titi ba ne. Vulcan 750 ruwa ke sanyaya shi, an ƙera shi daga 1985 har 2006, inji ne mai ƙwari, sai dai an san shi da ƙonewar kwayil ɗin da ke cajin batir, wanda kafin a canza shi sai an kwance injin daga jikin firam. A sa masa sabon batir ranar ɗaukar bidiyo, zai tashi bugu ɗaya, kai kuma sai bayan kwana biyu da isowarsa za ka gane ba ya caji. Shi kuwa "Shadow 750" suna ne da babura da yawa suka amsa. Akwai mai sarƙa, akwai mai shaf, akwai mai kafireta, na baya-bayan nan kuma injekta ne, mai fesa mai cikin inji maimakon kafireta. Har ma akwai na tsakiyar shekarun 1980 da aka rage wa girman inji daga 750cc zuwa 700cc, saboda harajin da gwamnatin shugaban Amurka Reagan ta ɗora a 1983 kan manyan baburan waje don ta kare Harley. Kai da ke sayar da kayan gyara ka fi ni sanin abin da ake nufi da kayan wani samfuri su ƙi shiga wani. To wanne ne naka? Ba ka sani ba, shi ma ina zaton bai sani ba.

Na san wani ɗan kasuwa da ya yi irin wannan da ɗan yayarsa. Babura biyu suka iso, ɗaya lafiya lau. Ɗayan da aka buɗe murfin tanki aka haska tocila, ciki jawur. Aka wanke, aka gyara kafireta, sai matsalar caji ta fito, kayan kuma sai an yi odarsu daga waje. Babur ya yi kusan shekara a ƙofar shago an lulluɓe shi da tamfol. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne ba su rubuta komai ba. Shi yana cewa ya tura kaza, yaron yana cewa kuɗin jigila da la'adarsa ba sa ciki. Da baƙo ne da an je gaban hukuma an raba gardama. Ɗan'uwa kuwa sai dai a haɗiye, har yau iyayensu mata ba sa ga maciji.

Yanzu zancen ninka kuɗi, wanda na gaji da jinsa. Mu ƙaddara kowane babur ka saye shi a kan 100. Jigila da kuɗin fito da takardu, ni ba na sa musu ƙasa da 40 a lissafi. Taya biyu, batir, wankin kafireta, birki da baƙin mai, sa 25. Ya tashi 165 kafin kowa ya taya. Ko da maganar surukinka ta tabbata ka sayar 200, ribarka 35 ce a kan kowanne, 105 a kan ukun. To a ce ɗaya ya zo da mataccen inji ka sayar da shi a kayan gyara a kan 60. Ka kashe 495, ka karɓi 460. Uwar kuɗi ma ba ta dawo ba. Ban kuma sa watannin da kuɗin zai yi a kwance ba, domin kuruza ba babur ɗin haya ko ɗaukar kaya ba ne, masu sayensa 'yan sha'awa ne, ba su da yawa, kuma sun san abin da suke nema fiye da kai. Duk tsawon wannan jira, shagon da ke ciyar da kai yana tafiya da sulusin jarinsa.

In har ranka ya kwanta a kan harkar, fara da guda ɗaya, kuma ni V Star zan ɗauka. Kada kuɗin ya wuce abin da in ya salwanta shago ba zai girgiza ba. Kafin ka tura ko sisi, ya turo maka lambar firam mai harufa da lambobi 17 tare da hoton takardar mallaka, ka ga sun dace. Ya biya bakanike na can, wanda ba ruwansa da mai sayarwa, ya duba babur ya rubuta abin da ya gani: tashin inji da sanyin safiya kafin a ɗuma shi, awon caji a kan batir inji na aiki, cikin tanki, lambar taya. Kuɗin dubawar kai za ka biya, kuma ba asara ba ne ko da an fasa sayen. Sannan ku rubuta nawa ka tura, nawa ne la'adarsa, wa ke ɗaukar asara in kayan suka saɓa wa abin da aka rubuta, ku sa hannu da shaidu biyu. Ka sanar da maiɗakinka tun yanzu cewa haka kake yi da kowa, don kada ta ji daga bakinsa a matsayin rashin yarda. In ya ce takarda tsakaninku cin fuska ne, ka ba shi haƙuri, ka bar kuɗinka a shago.