Tambaya da Amsa: Masu ƙahon nan na jikin dutse, mutane ne ko aljanu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke Suwidin ya turo min hotuna ta WhatsApp na wani wuri wai shi Tanum, zane ne jawur a jikin dutse, mutane riƙe da gatari, wasu da ƙaho wasu kuma baki kamar na tsuntsu. Na nuna wa 'yan majalisarmu ta shayi sai musu ya kaure, wasu suka ce aljanu ne wasu suka ce gumaka. Don Allah wa ke da gaskiya?
Daga mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya tambayar nan ta min daɗi. Da farko jan nan da ka gani fenti ne na zamanin nan da aka shafa don baƙi su gani da kyau, ainihin aikin sassaƙa ne, an yi ta dukan dutse da dutse har siffa ta fito. Na Tanum yawanci na zamanin tagulla ne, wajen shekara 1700 zuwa 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1994.

To masu sassaƙan ba su bar rubutu ba, shi ya sa masana ke rarraba siffofin da abin da ido ke gani kawai: me yake riƙe da shi, gatari ne ko mashi ko garkuwa, a cikin jirgin ruwa yake ko a ƙasa, shi kaɗai ne ko cikin jama'a, girmansa ya fi na sauran ne. Wanda aka fito da alamar mazantakarsa sai a ce namiji ne, mai dogon gashi ɗaure a ƙeya galibi a ɗauka mace ce, da yawa kuma ba wata alama sam, sai dai a ce siffa mai kama da mutum a bar shi haka.

Maganar ƙaho da bakin tsuntsu kuwa, ka tuna maharbanmu na ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi su duƙa suna sanɗa suna kaɗa kai har su kusanci nama, yanzu da wani zai sassaƙa wannan maharbi a dutse, bayan shekara 3000 mai kallo ai rantsuwa zai yi aljani ne mai kan tsuntsu alhali bawan Allah abincin gidansa yake nema. Kuma akwai shaida a hannu, a 1942 an tono hulunan tagulla guda 2 masu dogayen ƙaho a Veksø ta ƙasar Denmak, na wancan zamanin na tagulla ne, ka ga ke nan da gaske mutane sun mallaki irin hular. Ni dai na fi karkata ga cewa yawancinsu mutane ne cikin shigar biki ko tsafi. Amma masu cewa gumaka ma ba su rasa madafa ba, a Litsleby nan yankin Tanum akwai wani ƙato mai mashi da tsawonsa ya haura mita 2, ya danne duk na kusa da shi, masana da dama na ganin abin bauta ne.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne sunayen da na baya suka laƙaba. A bakin tafkin Onega a Rasha akwai siffa mai kai kamar akwati da ake kira Bes, wato shaiɗan, Kiristocin da suka zo bayan dubban shekaru ne suka ga haka har suka sassaƙa gicciye a kanta. Mu ma nan Sahara, Bafaranshe Henri Lhote ya ga wani ƙaton zane mai zagayayyen kai a Tassili ta Aljeriya ya kira shi babban allan duniyar Mas, har yau wasu na yawo da maganar a intanet.

Ka ce wa ƙanen naka in ya koma ya je da yamma lokacin da rana ta yi ƙasa, hasken gefe ne ke fito da waɗanda ba a shafa wa fenti ba, ya ɗauko maka su ku sake dubawa a majalisa.