Na'urar jin Baba ta koma kuka, a sakace masa kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min. Mahaifina ne yake amfani da na'urar ji irin ta bayan kunne wajen wata takwas kenan, yanzu sai kuka take fiiii kuma yace baya jin magana kamar da. Yana da ciwon suga. Kanina ya goge ta da sipirit ya shanya a rana bata gyaru ba, shine wani mai kemis yace datti ne ya toshe kunnen, a zuba masa haidurojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, a sakace. Hankalina a tashe yake dan da kyar muka hada kudinta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama ki kwantar da hankalinki, yawanci irin wannan ba lalacewa bace. Tunda kince wata takwas, ina kyautata zaton siririn tiyon da ya hada na'urar da robar kunnen ne ya sandare ko ya tsage, dama ana so a canza shi duk wata 4 zuwa 6. Ki daga shi a haske, in kinga digon ruwa ko datti a ciki toh shi ya rage sautin. Robar da ke shiga kunne ana zare ta daga na'urar a wanke da ruwan dumi da sabulu a barta ta kwana ta bushe, ita kuwa na'urar busasshen kyalle kawai take so da dan burushin da aka baku, a kifa ta a share ramukan makirfo saboda kurar hunturu. Sipirit yana busar da roba, zafin rana kuma yana lalata kayan ciki, kar a kara. Da dare a bude kofar batir a sa ta a gwangwani mai murfi tare da 'yan kwayoyin nan masu shanye danshi irin wadanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma Baba ya dinga cire ta kafin alwala sai kunnen ya bushe ya mayar. Batirin a boye shi daga yara, in yaro ya hadiye ko ya cusa a hanci asibiti ake nufa nan take.

Toh sai maganar mai kemis, wadda ita tafi bata min rai. Eh datti yana sa na'ura kuka, sautin ne yake bugar dattin ya dawo waje makirfo ya sake kama shi, kuma masu na'ura sun fi tara shi tunda robar ta tare masa hanyar fita. Amma shi da me ya leka kunnen? Ya ga dodon kunnen lafiya yake ko a fashe? In akwai huji aka zuba haidurojin ko man zaitun ko ruwan albasa ciki zai zarce, daga nan sai radadi da jiri da kunne mai zubar ruwa. Sakacen ma haka, daga bakin kunne zuwa dodon bai wuce santimita biyu da rabi ba, fatar wajen siririya ce kwarai, amma kullum sai an kawo mana wanda aka cusa wa tsinken ashana ko gashin kaza ko murfin biro, an danne dattin can ciki ya dankare, wani har guntun auduga muke cirowa ta yi baki tana wari. Tsinken audugar ma da ake ganin na 'yan gayu ne tura datti yake ba fiddawa ba. Ga kuma masu yawo da karafa a tasha suna yasar kunne, karfe daya kunnen mutum nawa ya shiga a yini? Wallahi abin yana ci min tuwo a kwarya, dan jin da ya rage wa dattijo shi ake wasa da shi saboda gudun layin asibiti.

Kuma Baba yana da suga, wannan ne ya sa nake ta nanatawa. 'Yar karcewa a kunnen mai suga tana iya zama ciwo mai cin kashin da ke kewaye, sai an kwantar da mutum ana ta allurai sati da sati.

Ku kai shi bangaren kunne, hanci da makogwaro a asibitin da ke kusa daku, in kuna Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Kasa. Za a leka da fitila, in datti ne a zuke shi da inji, a canza tiyo, a duba ko robar ta yi masa sako-sako. Ku tafi da na'urar da sabon batir. In kuwa yanzu haka kunnen na ciwo da dare ko yana fitar da ruwa, a cire na'urar a tafi yau kar a jira Litinin. Allah Ya ba Baba lafiya.