Me Ya Sa Ramukan Ba Sa Faɗawa Daidai A Kan Teburi Mai Juyawa?

Tambaya: Ina koyon aikin injin milin, wato injin yanka da huda ƙarfe, a Panteka, Kaduna. Ogana yana da teburi mai juyawa da muke huda ramuka a da'ira da shi. Me ke cikinsa? Kuma me ya sa idan na zarce na dawo da hannun baya, ramin sai ya kauce?

Amsa: Abin da ke cikinsa ba shi da yawa. A ƙarƙashin farantin da ake ɗora aiki a kai akwai giya mai haƙora, galibi ta tagulla ko ƙarfen zubi. Hannun da kake murzawa yana haɗe da wani sandan ƙarfe mai tiredi irin na sukuru, wanda makanikai ke kira wom. Kowane zagaye ɗaya na hannu, wom ɗin yana tura haƙori ɗaya tak. Yawancin teburan haƙora 90 gare su, wato zagaye ɗaya digiri 4 ke nan. Masu haƙora 72 kuwa digiri 5 suke bayarwa. Kafin komai, ka ƙirga na ogan naka.

To, kaucewar fa? Dole a bar ɗan gibi tsakanin wom da haƙoran, in ba haka ba su cije. Muddin kana murzawa gefe guda, tiredin yana manne da fuska ɗaya ta haƙori. Da ka juya baya, sai hannun ya ɗan yi tafiya a banza kafin ya taɓo ɗaya fuskar: lambar jikin hannun ta motsa, farantin yana nan inda yake. Saboda haka in ka zarce, koma baya sosai, kamar rabin zagaye, sannan ka sake tahowa ta inda ka faro. Ka kuma ɗaure makullan gefen farantin kafin ka sauke abin huda. Masu koyo sun cika raina wannan, alhali girgizar yanka kaɗai ta isa ta gusar da aikin cikin gibin nan.

In gibin ya yi yawa, akwai wani bututun ƙarfe mai karkatacciyar cibiya da wom ke zaune a ciki; ana juya shi kaɗan ya matso da wom kusa da giyar. Kada dai a matse har hannun ya yi tauri, tagullar ce za ta cinye.

Ramukan da digirinsu bai raba daidai ba, kamar ramuka 7 a da'ira, farantin rabo ake sa musu, wato faranti mai layukan ƙananan ramuka da ake ɗaurawa a wajen hannun. A teburi mai haƙora 90, kowane rami cikin bakwai ɗin zagaye 12 ne na hannu, da ƙarin ramuka 18 a layin farantin rabo mai ramuka 21.