Amsa ga Malamar da aka damƙa wa aji ɗaya a sabon zango

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Malama, sannu ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, na kasa wuce ta. Kin ce an ba ki aji ɗaya na firamare a wannan zangon farko, yara sun haura 90, wasu kuka suke yi tun daga asembili, wasu da an fita tara ba sa dawowa, ga hedimasta yana tambayar ina kika kai a manhaja, har kin fara tunanin neman canjin aji. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Ki kwantar da hankalinki game da manhajar nan tukuna. Yaro mai shekara 6 da jiya yake bin zanen uwarsa, yau an zaunar da shi a tabarma cikin baƙin fuskoki, ba harafi ne a gabansa ba. Aikinki a makonnin farko shi ne ki san su wane ne a ajin, daga wane gida suke, wa ya kawo su, wa zai mayar da su. In kin samu wannan, kuma gobe suka dawo da ƙafarsu, kin yi aiki.

Kuma kada ki dogara da rajista kaɗai. Za ki kira Aishatu har muryarki ta dushe, yarinya tana kallonki ba ta amsa ba, don ita Ummi ta san kanta da shi, sunan kakarta aka sa mata, a gida ba mai faɗarsa. Ki kira Muhammadu, yara goma su miƙe, ko kuma babu ko ɗaya, don duk Abba ne da Baffa da Halifa. Ki sayi littafinki daban. Sunan yanka, sunan da ake kira a gida, unguwa, yayansa ko yayarsa da ke makarantar da ajinsu, lambar wayar wani babba. Ki kira suna da safe, ki sake kira bayan tara. Sau biyu, Malama, kullum.

Abin da ya sa nake nanata wannan, ni an taɓa tozarta ni a kansa. Shekarar da na fara riƙe aji ɗaya, makarantarmu ba katanga, bayan ajina gonar gero ce, ga Satumba gero ya fi mutum tsayi. Hedimastanmu na lokacin kullum sai ya turo min sababbin yara da monita, ba takarda, ba suna, a ce wai in karɓa za a rubuta daga baya. Na yi magana, ya ce ni sabuwa ce, ban san aiki ba. Ran nan aka tashi, uban wani yaro ya zo ɗaukarsa, babu yaro. Yayansa ne ya ajiye shi a bakin ƙofa da safe ya wuce ajinsu, ko sunansa ba a kawo min ba.

Kafin ka ce kwabo makaranta ta cika da mutane. Uban yana ihu, uwar ta fito ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, tana kuka tana riƙe hannuna tana cewa Malama ina ɗana. Har yau ina jin yadda hannunta yake rawa. Shi kuma mutumin da ya turo min yaran, maimakon ya ce a bazu a nema, sai ya tsaya a gaban iyaye da ɗalibai da masu sayar da awara ya nuna ni da yatsa, ya ce ga irin malaman da ake turo musu, ko riƙon yara ba su iya ba. A gaban yaran da gobe zan tsaya in koyar. Ban ce uffan ba, hawaye kawai. Na shiga gonar nan da takalmina na makaranta ina kiran sunan da a ranar na fara jin sa, ƙaiƙayi ya cika min jiki, zuciyata tana raya min rijiya, tana raya min titi. Sai bayan la'asar wata dattijuwa ta same shi kwance a gindin bishiya, zazzaɓi ya rufe shi, ya nufi gida ya kasa. Alhamdulillahi ya warke. Uban ya zo har gida ya ba ni haƙuri, Allah Ya saka masa. Amma hedimasta washegari takardar tuhuma ya miƙo min, kuma har aka yi masa canji bai taɓa cewa ki yi haƙuri ba. Na yafe don Allah, amma duk shekara in aka koma makaranta sai abin ya dawo min sabo.

Don haka duk yaron da aka kawo miki ba tare da babba ba, ki kai shi ofis a rubuta shi a gabanki. Ko an ce kin cika tsanani, ki jure.

Tunda na ambaci zazzaɓi, ki lura sosai, ƙarshen damina ne, lokacin cizon sauro. Ba duk mai kuka ne yake kewar gida ba. Ki taɓa goshinsa. Wani kuma yunwa ce, ya fito ko koko bai sha ba, babu kuɗin tara. Wani fitsari ne ya matse shi yana tsoron magana. Ranar farko ni jera su nake yi mu tafi tare in nuna musu banɗaki da inda buta take, in koya musu yadda za su nemi izini. Ki ajiye tsohon zane da ɗan wando a jakarki, za ki buƙace su. In yaro ya ɓata jikinsa, ki fitar da shi a hankali, kada ki bari a yi masa waƙa, don yaron da aka yi wa dariya a makon farko da wuya ya sake son aji.

Bulala kuma don Allah ki ajiye ta. Na san za a ce miki ba a riƙe yara 90 sai da ita. Tafi da waƙa sun fi ta aiki: ki tafa sau uku su tafa, su yi shiru. Ki yi musu magana da Hausar da suka taso da ita, ki fara da wasula, a, e, i, o, u, da baki, da waƙa, sannan a zana a ƙasa da yatsa kafin a taɓa fensir. Za ki ga waɗanda suka fara makarantar allo suna buɗe littafi ta baya, suna rubutu daga dama zuwa hagu. Kada ki tsawata musu, abin da suka sani ne, kuma su ne suka fi saurin hadda. Ki ɗiga musu alama a gefen hagu na shafi ki ce daga nan ake tashi.

Maganar yawa kuwa, abin yana ƙona min rai. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya a Najeriya, ta ce karatun nan kyauta ne kuma dole, iyaye sun amsa kira sun kawo 'ya'yansu, to ina azuzuwan, ina malaman? Sai a jibga wa mace ɗaya aikin mutum uku, in abu ya faru ita za a nuna. Kuma ki shirya, wasu yaran sai an gama girbi za a kawo miki su.

Ki rubuta wa hedimasta takarda cikin ladabi, ki faɗi yawan yaran, ki nemi a raba ajin ko a ba ki mataimakiya, ki ajiye kwafi a gida. Ki nemi shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da shugabar mata ta PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, su ma su sani. Mu a wurinmu iyaye mata biyu ne suka riƙa zuwa suna zama bakin ƙofa lokacin tara har yaran suka saba. Ki kuma roƙi malamin aji shida ya ba ki manyan 'yan mata su taya ki rakiyar ƙanana in an tashi.

Kada ki nemi canji yanzu, ki ba shi zuwa hutun tsakiyar zango. Ki faɗa min, makarantarku tana da katanga? Ajin yana da ƙofar da ke rufuwa? In babu, gobe ki fara da wannan, ki matsar da mafi ƙanƙanta kusa da teburinki, nesa da ƙofa da taga.