Tambaya da Amsa: Littattafan Mari Kuri da Ke Cikin Akwatin Dalma

Tambaya: Assalamu alaikum. Malamin kimiyyarmu ya ce har yau ba a taɓa littattafan da Mari Kuri ta yi rubutu a ciki da hannu tsirara. Shin gaskiya ne, kuma me ya jawo haka? Daga wata ɗalibar sakandare a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya faɗi gaskiya. Littattafan suna ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa cikin akwatunan da aka lulluɓe da dalma, domin sun sha burbushin sinadarin rediyam mai fitar da tururi mai cutar da jiki (dalmar ce ke tare shi), wanda sai bayan kimanin shekara 1,600 rabin ƙarfinsa ke gushewa.

An haifi Mari Kuri, masaniyar kimiyya, a Warso, ƙasar Folan, a 1867, lokacin da jami'ar garin ba ta karɓar mata. Ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita a Faris, kafin ita ma ta isa can a 1891. A 1898 ita da mijinta Piyar suka sanar da gano sinadarai biyu, folonium da rediyam.

Abin da nake so ki riƙe shi ne yadda aka yi aikin. A wata tsohuwar rumfa mai yoyo, takan wuni tsaye a kan ƙatuwar tukunya, tana tuƙa narkakken baƙin dutsen yuraniyam da sandar ƙarfe wadda ta kusa kai tsawonta, hayaƙi yana cika mata ido. Bayan shekara huɗu da tarin dutse mai nauyin tan-tan, abin da ta tace a 1902 kashi ɗaya ne cikin goma na giram na gishirin rediyam, bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Takan sa kwalaben a aljihu, da dare kuma ta tsaya kallon shuɗin hasken da suke fitarwa, alhali tururinsu yana cin yatsunta. A wancan zamani ba a gane girman haɗarin ba, kuma wannan yana taɓa mini zuciya ƙwarai.

Ta sami kyautar Nobel a 1903 da 1911. Ta rasu a 1934 bayan ɓargonta ya daina samar da jini, kuma da aka mayar da gawarta hubbaren manyan Faransa a 1995, akwatin da aka sa ta ma an lulluɓe shi da dalma.