Malam, Me Ya Sa Sai An Mayar Da Shi Sifiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare, daga Tudun Wadan Zariya. Lissafin kwadiratik ya tsaya mini a rai. An ba mu x(x + 3) = 40, na rubuta x = 40 ko x + 3 = 40, aka soke mini. Kuma in lambar da ke gaban x² ta wuce 1, kamar 2x² + 7x + 3 = 0, sai in rasa ta inda zan kama.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Malaminku ya yi daidai da ya soke, kuma ina so ki gane dalili, ba ki haddace ba kawai. In aka ninka lamba biyu aka sami 40, wa ya san su? Suna iya zama 4 da 10, ko 2 da 20, ko ½ da 80. Amma in aka ninka aka sami sifiri, to babu makawa ɗayansu sifiri ce. Sifiri kaɗai ke da wannan hali, kuma a kansa dabarar gaba ɗaya ta dogara. Yana damuna ƙwarai yadda ake koya wa yara buɗe baka da rufe baka, a tsallake wannan.

Saboda haka fara kwaso komai gefe guda: x² + 3x − 40 = 0. Nemi lamba biyu da in an ninka su za su ba da −40, in an tara su ba da 3. Su ne 8 da −5. Ke nan (x + 8)(x − 5) = 0, wato x = −8 ko x = 5. Da a ce ɗaki ne mai girman murabba'in mita 40, wanda tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, sai ki ɗauki 5 a matsayin faɗinsa, don babu bangon da ke da awon −8. Al-Khwarizmi ma, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, bai lissafa amsa mai alamar ɗebewa ba. Ke dai a jarrabawar WAEC ko NECO, in ba awon wani abu aka tambaya ba, rubuta duka biyun.

Ta biyun ba ta kai yadda take ba ki tsoro ba. Ninka ta farko da ta ƙarshe: 2 sau 3, 6. Wace lamba biyu ce ninkinsu 6, jimillarsu 7? 6 da 1. Tsaga 7x da su: 2x² + 6x + x + 3. Ki haɗa su bibbiyu: 2x(x + 3) + 1(x + 3), ya zama (2x + 1)(x + 3) = 0. Amsa: x = −½ ko x = −3. In bayan haɗawa bibbiyu baka biyun ba su fito iri ɗaya ba, kamar yadda (x + 3) ta fito sau biyu a nan, akwai alamar da ta kuɓuce miki, koma baya.

Kada kuma ki ɓata lokaci kan wanda ba ya tsaguwa. Gwada b² − 4ac tukuna, inda a ita ce lambar da ke gaban x², b ta gaban x, c kuma lambar da ke tsaye ita kaɗai. A x² + 3x + 1 = 0 za ki sami 5, wanda ba irin su 4, 9 ko 16 ba ne, to nan fomular kwadiratik za ki ɗauko.

Ga na gwaji: x² = 3x. Amsoshinsa biyu ne, kuma wanda ya yi garajen raba gefen biyu da x zai zubar da ɗaya. Ki yi, ki mayar da kowace amsa cikin tambayar ki gani ko ta zauna, sannan ki aiko mini.