Tallan maganin suga a rediyo: shin doka ta yarda?

Malam, ka ce ka ji ana tallan wani magani a rediyo a Gombe, wai yana warkar da ciwon suga kwata-kwata, kuma yana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. To, lamba daban, izinin talla daban. Duk tallan magani ko na'urar asibiti sai NAFDAC ta duba kalmominsa ta amince, ita ma ARCON, hukumar kula da harkar tallace-tallace, ta tantance shi kafin a watsa. Maganin da sai likita ya rubuta kuwa, ba a tallata shi ga jama'a sam. Dokar abinci da magunguna ta hana iƙirarin warkar da cututtuka irin su suga, hawan jini da ciwon daji.

Duba kwalbar da kyau. In maganin gargajiya ne, lambarsa takan ƙare da harafin L, wato an duba bai da illa a fili ne kawai, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Babban haɗarin shi ne mutum ya ajiye maganin sugansa na asibiti, kamar metformin ko insulin, sugan ya haura, ƙoda da ido su lalace.

Ka naɗi muryar tallan a wayarka, ka rubuta tasha, rana da lokaci, ka ɗauki hoton kwalbar, ka kai ofishin NAFDAC na jiha.